Kurakuran da 'yan wasan Skyrim suke yi da ɓeran Skeever

Skeever ƙaton ɓera ne da ya fi gafiya girma, wanda kamfanin Bethesda ya zuba a kogunan dutse, kaburbura da magudanan ruwa na wasan bidiyon Skyrim tun fitowarsa a 2011. Sara ɗaya ko biyu ya isa ya kashe shi, shi ya sa ake raina shi, kuma daga rainin nan ne yawancin matsalar take tasowa.

Babban kuskuren shi ne mutum ya kashe shi ya wuce bai duba lafiyarsa ba. Cizon Skeever yakan sa cutar Ataxia, wadda take ƙara wa buɗe kwaɗo da yankan aljihu wuya da kashi 25 cikin 100. Ba ta rage jini, don haka ba a jin ta. Sai ka ga ɗan wasa tsugune gaban akwati a Ratway, ƙarƙashin garin Riften, tsinken buɗe kwaɗo yana karyewa ɗaya bayan ɗaya, yana ta zargin hannunsa, alhali cuta ce a jikinsa. Ga wanda ya shiga ƙungiyar ɓarayin Riften, wannan asara ce ta gaske. Duk lokacin da ka gama faɗa da su, buɗe shafin sihiri, ka leƙa inda ake nuna abubuwan da suke aiki a jikinka. In mutanen gari suka fara ce maka kamar ba ka da lafiya, ka ɗauki maganarsu.

Wasu kuma sukan kwashi kuɗi su sayi maganin cuta a shago, alhali taɓa wurin bautar allolin cikin wasan, kamar na Talos a garin Whiterun, yana warkarwa kyauta. Cin gashin fuka-fukin shaho ma yana yi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu wuce gasasshiyar fatar Skeever da ake samu a bakin wuta. Haɗa ta da ɓawon ƙaguwar taɓo a teburin harhaɗa magani, ga maganin cutar ya fito. Wutsiyar Skeever kuwa ta haɗa guba ce, kada a bar ta.

Sai batun faɗan kansa. Ba safai suke zuwa ɗai-ɗai ba. A matakalar nan mai murɗewa ta tsohon kabarin Bleak Falls Barrow a tare suke hawowa, mai baka kuwa kafin ya ɗana kibiya sun kewaye shi. Ka ja da baya zuwa ƙofa ko lungu don su zo a layi, ka tare da garkuwa, ko ka watsa musu sihirin wuta.

Kada a ɗauka duk iri ɗaya ne. Na ƙarƙashin gidan giyar Honningbrew masu dafi ne, bayansu kuma akwai matsafi Hamelyn, wanda yakan gama da ɗan wasan da bai yi ƙarfi ba tukuna nan take. Ka adana wasanka kafin ka sauka, ka kuma tafi da maganin dafi.