Yadda za ka zaga Amstadam a kan keke ba ka sha kunya ba

Wani ƙanina a nan Tudun Wada zai je kwas ƙasar Holan, ya ce in faɗa masa yadda ake yawon buɗe ido a Amstadam, na ce to bari in rubuta kowa ya amfana. Maganar ɗaya ce dai, hayi keke. Garin shimfiɗe yake kamar faifai, kekuna sun fi mutanen garin yawa, tasi kuwa tsadarta sai ta sa ka hawaye.

Shagunan haya suna nan birjik kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, Centraal. Ka tafi da fasfo da katin banki saboda kuɗin ajiya. Kafin ka karɓa ka duba birki da kyau, don da yawa daga kekunansu ba su da birkin hannu, feda ake murzawa baya keken ya tsaya. Ni da na koyi keke tun ina firamare a wajen mai haya a Ƙofar Doka na ɗauka ba abin da za a nuna min, wallahi ranar farko ina ta lalubar birki a hannu babu, sai ƙafa na sa a ƙasa kamar sabon koyo. Ka ce a ba ka mai birkin hannu kawai, ko da ƙarin kuɗi.

A titi hannun dama suke bi kamar mu, wannan ba matsala. Hanyar keke daban take, kwaltarta ja-ja ce, kuma kada ka kuskura ka tsaya a tsakiyarta wai za ka ɗauki hoto, mutanen nan aiki za su, ƙararrawa za su yi ta kaɗa maka suna harara, ba ruwansu da kai baƙo ne. Za ka sha kwana, miƙa hannu. In ka ga fararen zane masu kusurwa uku a ƙasa suna kallonka kamar haƙora, kai ne za ka ba da hanya. Riƙe waya kana tuƙi laifi ne tun 2019, tara ake ci, da dare kuma dole fitila fara a gaba ja a baya. Sai layin taragon cikin gari, wannan shi ya fi kayar da baƙi, taya na faɗawa cikin ramin ƙarfen shi ke nan ka sha ƙasa, don haka ka gicciye shi kai tsaye kamar yadda ake tsallake layin dogo a Sabon Gari.

Ka fita da sassafe kafin cunkoso. Bi gefen magudanar Prinsengracht, ɗaya daga manyan magudanan ruwan da aka haƙa a ƙarni na 17, ka gangara gidan tarihi na Rijksmuseum inda hanyar keke ta ratsa ta ƙarƙashin ginin, abin sai ka gani, daga nan ka faɗa lambun Vondelpark ka huta. Azahar ta yi, akwai masallacin Fatih a titin Rozengracht, da can coci ne. Dandalin Dam da ke tsakiyar gari kuwa ni ban ga abin wahalar da kai da keke ba, jama'a ta yi yawa, je da ƙafa.

In da sauran ƙarfi koma bayan tashar Centraal, jirgin fito yana tsallakar da mutane da kekunansu zuwa arewacin gari kyauta, ko sisi.

Kulle fa! Makulli biyu za su ba ka, na tayar baya da sarƙa, yi amfani da duka biyun, sarƙar ka ɗaure ta jikin ƙarfen ajiye kekuna, don ɓarayin keke a can ba wasa. Ka ɗauki hoton inda ka ajiye shi, in ba haka ba cikin baƙaƙen kekuna ɗari iri ɗaya sai ka yi awa kana nema. Rigar ruwa kuma a jaka ko da rana ake ƙwallawa.