Shawara ga 'yan'uwa Kirista da ke aiki a Jidda

Salama dai 'yan'uwa. Kun san nan ba coci, Lahadi ma ranar aiki ce, in mutum bai yi hankali ba sai zuciya ta bushe, musamman mu masu aikatau da ba kullum ake barin mu fita ba.

Ga abin da ke taimaka mini. Ran Juma'a ki zaɓi alkawari ɗaya tak na sati daga Littafi Mai Tsarki, kar ki kwaso goma, ki sa shi a fuskar waya. Ishaya 41:10 in tsoro ya dame ki, ko Ibraniyawa 13:5 inda Allah ya ce ba zai yashe mu ba, wannan kam na lokacin da albashi ya makara ne ga gida ana ta kira kuɗin makarantar yara. Da kin ji kiran sallar asuba, ai dama ya tashe ki, karanta shi sau uku ki sa sunanki a ciki, sai ki riƙa maimaitawa kina wanke-wanke kina guga.

Wadda karatu ke mata wuya ta yi magana, zan turo mata da murya a WhatsApp daren Alhamis.