Yadda Ake Gane Ko Sifilita Ce Ke Lalata Hoton Talabijin a Gida

A gidaje da dama, matsalar hoton talabijin ba ta kunno kai sai ranar da aka ƙara akwati na biyu. Maigida ya sayo talabijin domin ɗakin uwargida ko na yara, ya kira mai haɗa waya, shi kuma ya yanke wayar da ta shigo daga waje ya ɗaura mata wani ɗan ƙarfe mai baki uku ko biyar, wanda masu sana'ar ke kira sifilita. A ranar komai yana tafiya daidai, amma bayan 'yan makonni sai hoto ya fara daddatsewa gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, wasu tashoshi kuma su ɓace ɗungurungum alhali kuɗin wata bai ƙare ba. Daga nan sai a ɗora laifin a kan dikoda, ko hadari, ko kamfanin da ake biya, kuma ba kasafai ake waiwayar ɗan ƙarfen nan da aka cusa a bayan kabad ko cikin silin ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne sifilita ba ta ƙara komai. Aikinta rabo ne, kamar yadda ake raba malmalar tuwo ɗaya ga mutum biyu, kuma tana yin rabon ne ko talabijin na biyu yana kunne ko yana kashe. Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin desibel, kuma duk lokacin da aka rasa desibel 3, rabin ƙarfin ne ya tafi. Sifilita mai mafita biyu tana cin kimanin desibel 3.5 a kowace mafita, wato rabin nan da aka ba ɗaya ɓangaren, haɗe da ɗan abin da ke salwanta a cikinta. Mai mafita huɗu tana cin kimanin desibel 7, abin da ke nufin kashi ɗaya cikin biyar kaɗai ke isa ga kowane talabijin, mai mafita takwas kuwa tana cin wajen 11, wanda bai ma kai kashi ɗaya cikin goma ba. Galibi ana buga waɗannan lambobi a jikin ƙarfen, kusa da kowane baki, kuma karanta su shi ne rabin aikin.

A zamanin tsohuwar fasaha ta analog, idan sigina ta yi rauni hoto yakan yi dishi-dishi, amma ana iya ci gaba da kallo. Siginar dijital ba ta da wannan sassauci, domin muddin ƙarfinta bai faɗi ƙasa da wata iyaka ba hoto zai fito tangaran, da zarar ya taɓa iyakar kuwa sai ya wargaje gaba ɗaya. Wannan ne ya sa gidan da ke bakin iyaka zai iya yin wata guda lafiya lau, sannan ɗan tsatsa ko ɗan danshi ya ture shi. Haka kuma, tashoshi suna zuwa ne rukuni-rukuni a kan zango ɗaya, kuma zangon da ke sama ya fi saurin raunana a cikin waya, shi ya sa ake ganin tashoshi biyar ko goma sun ɓace tare, sauran kuma suna nan garau.

Gwajin farko, wanda a ganina bai kamata a kashe ko sisi ba kafin a yi shi, shi ne cire sifilita daga hanya. A kashe dikoda a zare ta daga wuta tukuna, domin wayar kwanon satilayit tana ɗauke da 'yar wutar lantarki. Sai a kwance wayar da ta shigo daga waje a haɗa ta kai tsaye da wayar talabijin da ke ba da matsala, ta hanyar amfani da ɗan mahaɗin nan mai zare a kowane gefe, ko kuma a ɗauko dikodar a kawo ta inda wayar ta shigo. Kafin a kwance komai, yana da kyau a shiga jerin saiti na dikoda a nemo shafin da ke nuna ƙarfin sigina da ingancinta, a rubuta lambobin biyu a takarda a kan tashar da ta fi wahalarwa, sannan a sake dubawa bayan an cire sifilita. Lambar inganci ita ce abin lura, saboda ana iya samun ƙarfi mai yawa amma cike da hayaniya, dikoda ta kasa karanta shi. Idan hoto ya gyaru kuma inganci ya tashi, to an kama ɓarawon a hannu. Idan kuwa babu abin da ya canza, matsalar tana wani wuri daban, kamar eriya ko kwano ko waya, kuma sauya sifilita goma ba zai amfana da komai ba.

In an tabbatar daga wajenta ne, kada a yi gaggawar jefar da ita, domin sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, haɗin ne aka yi ba daidai ba. Baki ɗaya ne kawai aka rubuta wa IN, kuma nan ne wayar waje za ta shiga, sauran masu ɗauke da OUT su ne ke tafiya ɗakuna. Wanda ya yi haɗin cikin duhu ko cikin sauri yana iya sa wayar waje a ɗaya daga cikin mafitun, kuma abin da ke ruɗarwa shi ne talabijin ɗaya zai iya ci gaba da aiki, yayin da ɗayan ke samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, saboda an ƙera mafitun ne yadda sigina ba za ta ratsa daga wannan zuwa waccan ba.

Sai kuma lissafin da mutane da yawa ba sa yi, wato na sifilitar da aka ɗora a kan wata. Na taɓa duba wani gida inda aka sa mai mafita huɗu a zaure, sannan daga ɗaya mafitar aka ja waya zuwa sashen baya aka sake raba ta biyu. Talabijin ɗin da ke can ƙarshe ya rasa desibel 7 a rabon farko, ya ƙara rasa 3.5 a na biyu, ga kuma doguwar waya mai tsawon kusan mita 30, wadda ko da mai kyau ce irin RG6 takan ci desibel 5 zuwa 6 a zango na sama. Jimilla an haura 15, ma'ana abin da ke isa gare shi bai wuce kashi uku cikin ɗari na ƙarfin da ya shigo gidan ba. Abin takaicin shi ne biyu daga cikin mafitu huɗun na zaure babu abin da aka haɗa musu, an saye ta ne kawai don gaba. Da aka tattara rabon wuri ɗaya, aka yi amfani da sifilita guda wadda bakinta ya yi daidai da yawan akwatunan gidan, matsalar ta kau ba tare da an ƙara wata na'ura ba. Ƙa'idar ita ce a sayi mai mafita daidai da bukata, kuma a yi rabon sau ɗaya a kusa da inda waya ta shigo.

Mai mafita uku tana da wata dabi'a da ya dace a sani. Yawancinsu a ciki sifilita biyu ce aka haɗa, don haka baki ɗaya yana cin desibel 3.5, sauran biyun kuma suna cin 7 kowanne. Bakin da ya fi ƙarfi shi ya kamata a ba ɗakin da ya fi nisa, ko kuma modem ɗin intanet a ƙasashen da intanet da talabijin ke zuwa ta waya ɗaya, kamar Amurka, saboda modem yana aika sigina baya ta cikin sifilitar nan, kuma rauni kaɗan kan sa ya riƙa yankewa.

Bakin da aka bari a buɗe shi ma yana da nasa lahanin. An tsara wayar talabijin da duk abin da ke haɗe da ita a kan om 75, wato ma'aunin turjiyar da lantarki ke gamuwa da ita, kuma idan sigina ta isa bakin da babu komai sai wani ɓangarenta ya dawo baya ya gauraya da mai zuwa, ban da hayaniyar waje da ƙura da ke shiga ta nan. Maganinsa ɗan murfi ne mai zare wanda ke ɗauke da resista ta om 75 a cikinsa, ana samunsa a shagunan kayan satilayit da araha. Toshe bakin da leda ko salatif yana hana ƙura, amma ba ya hana siginar dawowa.

Akwai wasu lambobi kuma a jikin sifilita da ke nuna iyakar zangon da take iya wucewa da shi. Wadda aka rubuta wa 5 zuwa 1000 megahaz ta wadatar ga talabijin na kebul da kuma na eriya, irin wanda GOtv da StarTimes ke watsawa daga turakunsu. Siginar da ke saukowa daga kwanon satilayit kuwa tana tsakanin 950 da 2150, saboda haka tana bukatar wadda ta kai 2300 ko 2400. Idan aka sa ta farkon a layin kwano, tashoshin da ke ƙasan zangon za su fito, na sama su ɓace.

A nan ne ya kamata masu kwano, waɗanda su ne da yawa daga cikin masu kallo a Najeriya da Nijar, su tsaya su yi nazari, domin matsalarsu ta wuce ta rabon ƙarfi. Na'urar da ke gaban kwano tana karɓar sigina, wadda ake kira LNB, daga dikoda take samun wuta ta cikin wayar nan, kuma da wutar ce dikoda ke gaya mata rukunin tashoshin da take so: bolt 13 na nufin wani rukuni, bolt 18 na nufin wani, sannan akwai wani sauti na kilohaz 22 da ke zaɓar zango na sama. LNB mai baki ɗaya ba ta iya biyan umarni biyu a lokaci guda. Idan dikodar falo ta aika 18, ta ɗaki kuma tana neman 13, mai ƙarfin ce za ta yi rinjaye, sai wanda ke ɗaki ya ga rabin tashoshinsa sun ɓace, su kuma dawo da zarar an canza tasha a falo. Wata alamar ita ce hoton ɗaki ya ɗauke duk lokacin da aka kashe dikodar falo, wanda ke nuna baki ɗaya ne kawai na sifilitar ke barin wuta ta wuce. Duk wanda ya ga waɗannan alamu, to ya daina neman sifilita mafi tsada, domin ba ita ce maganin ba. Abin da ake bukata shi ne LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda da wayarta tun daga kwano, ko kuma irin ta zamani mai tsarin Unicable, wadda ke ba kowace dikoda zangonta a kan waya ɗaya, in dai dikodojin suna aiki da tsarin kuma an saita kowacce da lambarta daban. Masu eriya ma suna iya gamuwa da makamancin haka, domin wasu eriyoyin suna da ƙaramar busta a ciki, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da ke cin bolt 5 daga dikoda, kuma sifilitar da ba ta barin wuta ta wuce takan kashe ta.

Idan duk wannan ya yi daidai, sai a koma kan kawunan wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A kwance kowanne a duba tsinken jan ƙarfen da ke tsakiya, wanda ya kamata ya kasance a miƙe, mai sheƙi, kuma ya ɗan leƙo waje da bakin kan kamar milimita 2 ko 3. Idan ya yi baƙi ko kore, ruwa ya shiga, kuma gogewa ba ta isa ba, sai an yanke wayar zuwa inda take da tsabta an sa sabon kai. A lura kuma kada ko da silin gashi ɗaya na saƙar ƙarfen da ke kewaye ya taɓa tsinken tsakiya, domin wannan kaɗai ya isa ya kashe sigina, a layin kwano ma yana iya sa dikoda ta nuna gargaɗin haɗewar wuta. A ɗaure kan da hannu har ya tsaya, sannan a ɗan ƙara kaɗan da sifana mai lamba 11, ba tare da an murɗe shi da ƙarfi ba. Sifilitar da aka bari a waje, rana ta dake ta, ƙurar hunturu ta cika ta, damina kuma ta jiƙa ta, ba ta daɗewa, don haka gara a mayar da ita ƙarƙashin rufi ko cikin akwati, a kuma lanƙwaso wayar ƙasa kaɗan kafin ta shiga domin ruwan da ke bin jikinta ya ɗige a ƙasa. Siririyar waya irin RG59 ta fi RG6 cin sigina, kuma wadda aka danne da ƙusa ko aka karya ta a lungu ko ɓera ya ɗanɗana ta, ita ma abar zargi ce.

Busta ita ce abin da masu shago suka fi saurin miƙo wa mutum, amma ita ya kamata ta zo a ƙarshe. Tana da amfani ne kawai idan gwajin farko ya nuna siginar da ke shigowa tana da inganci, kuma yawan ɗakunan ne ya fi ƙarfinta. A irin wannan hali ana sa ta ne kafin sifilita, kusa da inda waya ta shigo, saboda idan aka sa ta bayan rabo, siginar da ta riga ta raunana za ta ɗaga tare da duk hayaniyar da ke cikinta, lambar ƙarfi ta hau, ta inganci kuma ta tsaya inda take. Ƙarfin da ya wuce kima ma yana rikita dikoda, kuma alamunsa iri ɗaya ne da na rauni, don haka gidan da ke kusa da turken watsa shirye-shirye yana iya ganin hotonsa ya ƙara lalacewa bayan an sa busta. Wanda ke da modem a kan layin kuma ya tabbatar bustar da zai saya tana barin sigina ta koma baya, in ba haka ba talabijin zai gyaru, intanet kuma ya ɗauke.