Yadda za ka ware na'ura guda da nata saitin a Omada ba tare da ka taɓa sauran ba

Masu haɗa wayfay a makarantu da otal-otal nan Gusau, da yawanmu yanzu kayan TP-Link Omada muke sawa, saboda daga kontirola guda, ko ɗan akwatin OC200 ko wanda ka girka a kwamfuta, za ka tura suna da fasuwod da komi da komi ga duk na'urorin da ke ginin a lokaci guda. To amma ba duk ɗaki ne iri ɗaya ba. Sai ka ga AP guda, wato na'urar da ke watsa wayfay, da ke zauren taro tana ta katsewa saboda maƙwabta ma sun sa Starlink da rautocinsu kan canel ɗaya da naka, wato hanyar da sigina ke bi, sai mutum ya je ya canza saitin kowa saboda ita kaɗai, ya gyara zaure ya ɓata ofisoshi goma. Kamar a yi ma gida duka allura ne don yaro guda na zazzaɓi.

Kafin komi ka ɗauki bakof, wato kwafin saitinka na yanzu. Settings, sai Maintenance, nan za ka ga Backup & Restore, ka sauke fayil ɗin ka aje a waya ko filash. Minti guda ne.

Kuma kada ka ɓata lokacinka wai za ka buga IP ɗin na'urar a burauza ka gyara ta kai tsaye, tunda kontirola ta riga ta karɓe ta to ita ke da iko da ita, duk gyaran da za ka yi daga cikin kontirola za shi fito.

Yanzu ka shiga Devices, ka danna AP ɗin da ke ba ka ciwon kai, shafinta zai buɗe ta gefe, ka shiga Config sannan Radios. In sigar manhajarka sabuwa ce wurin zai iya ɗan matsawa amma sunayen na nan. A nan aikin yake. Canel ɗin 2.4GHz za ka tarar da shi a Auto, ka cire shi ka zaɓi 1 ko 6 ko 11, su ukun nan ne ba su hawan juna, kuma ka bar faɗin canel a 20MHz, kada 40 ta ruɗe ka don ka ga lambar ta fi girma, a wuri mai cunkoso hayaniya kawai take ƙara jawowa. Sai ƙarfin sigina. Yawancin mutane High suke kaiwa don suna ganin shi ne maganin katangar bulo, alhali wayar da ke hannun ɗalibi ba ta da ƙarfin da za ta maido amsa daga can nesa, sai ka ga sanduna cike a fuskar waya amma WhatsApp na ta juyawa, ga shi kuma wayar ta manne ma AP mai nisa ta ƙi komawa ga wadda ke saman kanta. Ni dai in AP biyu na kusa da juna Medium nake sawa, wani lokaci ma Low. Ka danna Apply, waɗanda ke kanta za su ɗan katse kafin ta dawo Connected, don haka kada ka yi wanga aiki ana tsakiyar jarabawar CBT.

In kuma so kake ita wannan AP ɗin ta riƙa nuna wani suna daban, misali na ɗakin malamai, duk cikin Config ɗin ne, wajen WLANs, akwai inda za ka sake ma SSID, wato wayfay ɗin da waya ke gani, suna da fasuwod a kanta ita kaɗai.

Suwic, wato akwatin da keburori ke haɗuwa, shi ma haka ne. Devices, ka zaɓi suwic ɗin, Ports, ka danna gyara a kan fot ɗin da kake so, wato ramin da kebur ke shiga, ka kunna Profile Overrides. Daga nan za ka iya kashe PoE, wato wutar da suwic ke turawa ta kebur, a fot ɗin da kwamfuta ce kawai a kai, ko ka ƙayyade ma shi gudu, ko in tsohuwar firinta ce da ke ta haɗuwa tana rabuwa ka tsayar da ita a 100Mbps. Amma in kebur ɗin ya haura mita 100 ba saiti ne matsalarka ba, ja ne ya yi yawa. Abin da za ka kiyaye matuƙa shi ne fot ɗin da ya haɗa suwic da rauta, da wanda kontirola ke kai, ka bi kebur da hannunka ka tabbatar da lambarsu kafin ka taɓa komi, don in ka canza musu VLAN, wato sashen netwok ɗin da suke ciki, bisa kuskure ka rufe kanka waje ke nan, sai ka nemo tsinke ka yi risat ka sake karɓar na'urar daga farko.

Na ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa, ka rubuta abin da ka yi. Abin da ka ware ba ya bin na sauran, wata shida nan gaba za ka canza fasuwod ɗin wayfay na ginin duka, kowa ya samu sabo ban da AP ɗin da ka ba nata, ko yaron shagonka ya je gyara ya wuni yana neman dalilin da fot 7 ba ya ba kyamara wuta. Ka sake ma na'urar suna a kontirola, kamar "Zaure canel 11 Medium", shi ma fot ɗin ka sa mishi suna, sannan ka manna ƴar takarda a jikin akwatin suwic. Ranar da kake son na'urar ta koma cikin sahu, ka cire alamar Profile Overrides, ka maida canel Auto, ka danna Apply.