Yadda za ka gwada kusurwar harbi da tiyon ruwa a gida

Wallahi wannan darasin na fiziks kan yadda kusurwar harbi ke shafar nisan da abu zai kai, da ke ba ɗalibai wahala, da tiyo ɗaya za ka gane shi. Samo tiyo, tef ɗin awo, da ma'aunin kusurwa ɗin nan na cikin mas set ɗinka. Ka buɗe famfo ka bar shi haka, kar ka sake taɓa shi, don in ƙarfin ruwan ya canja to gwajin ya lalace. Bakin tiyon ya zama dab da ƙasa.

Fara da ɗaga bakin tiyon digiri 30 daga ƙasa, ka sa dutse inda ruwan ke sauka. Sai 45, sai 60. Za ka ga 45 ya fi zuwa nesa, amma abin da ya fi burge ni shi ne 30 da 60 kusan wuri ɗaya suke sauka, sai dai na 60 ɗin yana tashi sama har ninki uku na 30, ya daɗe a sama, shi kuwa na 30 ƙasa-ƙasa yake bi ya iso da wuri. Duk kusurwa biyu da suka haɗa 90 kusan wuri ɗaya suke sauka, Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya bayyana wannan tun 1638.

A lissafi, in gudun ruwan mita 10 ne a daƙiƙa, 45 zai kai wajen mita 10.2, sauran biyun 8.8. Naka zai ɗan gaza haka saboda iska na tare ruwan, don Allah kar ka gyara lambobin, rubuta abin da ka gani. Kuma ka yi da sassafe kafin iska ta taso.