Yadda ake auna ƙarfin jaruman ƙirƙira a jera su daki-daki

A teburin mai shayi a Samaru ko majalisar matasa a Tudun Wada, musun wa ya fi ƙarfi tsakanin Superman da Hulk kan cinye dare, a tashi baram-baram. Abin da ke jawo haka shi ne kowa da ma'aunin da ya zo da shi. Ga yadda za ku yi ma'auni guda da kowa zai yarda da shi.

Da farko ku tace masu shiga fage. 'Yan tatsuniya irin su Gizo da Dodo da Ɓotorami sun shiga, haka na littattafan zane da katun da finafinai. Aljanu ba sa ciki, domin Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsu. Sarauniya Amina ma tarihin Zazzau ce, kada a jera ta da abin da wani ya zana.

Sai ku tsayar da zamanin jarumin. Superman ɗin da ya fara fitowa a 1938 tsalle kawai yake yi, bai iya tashi sama ba. Daga baya marubuta suka yi ta ƙara masa ƙarfi har ya kai ga ture duniyoyi. In ba ku faɗi wanne kuke nufi ba, za ku kwana kuna musu a kan mutum biyu masu suna ɗaya.

Na uku, kuma nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci: ku rubuta aikin da aka ga ya yi cikin labarin. Me ya ɗaga? Me ya fasa? Wane duka ya sha ya miƙe? Abin da ya faɗa da bakinsa ko abin da maƙiyansa suka faɗa don tsoro ba ya shiga lissafi, kamar yadda kirarin makaɗi ba ya kayar wa ɗan dambe abokin karawa. Bajintar da ya yi sau ɗaya tak, alhali a sauran labarin ƙananan abubuwa na gagararsa, ku ajiye ta gefe. Abin da ya saba yi shi ne ƙarfinsa.

Daga nan ku raba ƙarfin gida biyar, kowane gida maki 1 zuwa 10: ƙarfin damtse, zafin nama, juriya, sihiri, da wayo. Gidan wayo ne ake yawan mantawa, ni kuwa a wurina shi ya fi kowanne nauyi. Ku tuna Gizo da igiyarsa. Ya miƙa wa Giwa baki ɗaya a tudu, ya kai wa Dorina ɗaya bakin a ruwa, suka wuni suna ja har suka jigata, ba wanda ya san da ɗan'uwansa yake fama. A damtse Gizo ko maki 2 ba zai samu ba, amma manyan dawa biyu ya gajiyar yana zaune a inuwa. Batman, wanda ya fito a 1939, ɗan wannan gidan ne: mutum ne kamar kowa, dukiya da na'urori da shiri su ne makamansa.

Kada ku manta da lago. Wani koren dutse na duniyar su Superman, mai suna kryptonite, yana karya shi, sihiri ma yana kama shi. Gizo kwaɗayi ke kai shi ƙasa. Hulk kuwa iya fushinsa iya ƙarfinsa, don haka duk faɗan da ya yi tsawo nasa ne.

Sannan ku shata fagen. Kwatsam aka haɗu ko an ba kowa kwana bakwai ya shirya? A tudu ne ko a ruwa? Mene ne nasara, kisa ko kayarwa ko kora?

Wajen jerawa, aji ya fi lamba amfani: mai iya rusa gida, mai iya rusa gari, mai iya rusa ƙasa, mai iya rusa duniya. A cikin aji ɗaya ne makin nan biyar zai raba gardama. Ku yi jeri biyu, ɗaya na karon kwatsam, ɗaya na karon da aka shirya, domin Gizo da Batman a ƙasa za su faɗo a na farko, a na biyu kuwa sai an yi da gaske kafin a sauko da su daga sama.