Yadda ake gano ƙarin muƙamuƙin sama wanda ba daji ba, da yadda ake cire shi

Ƙarin da ke fitowa a ƙashin muƙamuƙin sama yakan girma a hankali ba tare da ciwo ba, shi ya sa mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai kunci ya kumbura, haƙora sun fara girgiɗi, hanci ɗaya ya toshe, ko ido ya turo waje. Abin takaici, wasu sai an yi musu sakiya ko an cire haƙori tukuna, alhali matsalar tana cikin ƙashi.

Likita zai fara da tambayar tsawon lokacin da kumburin ya ɗauka, domin wanda ya bunƙasa cikin makonni kaɗan, musamman ga yaro, yana sa a zargi dajin Burkitt, wani ciwon daji mai saurin girma da ke yawan kama muƙamuƙin yara. Daga nan sai ya taɓa dasashi da ganɗa ya ji ko wurin da tauri ko yana lotsawa. Hoton ƙashi na haƙora bai wadatar a nan ba, dole a yi hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki daki-daki, saboda ƙashin sama siriri ne, kuma ƙarin yana iya kutsawa kogon da ke gefen hanci ko ƙarƙashin ido ba a sani ba. Kafin a yanki tsoka a kai ɗakin gwaji, sai a soka allura a zuƙo. Idan jini ya cika sirinji, to a dakata, don mai yiwuwa tarin jijiyoyin jini ne.

Sakamakon gwajin ne ke yanke irin tiyatar da za a yi. Nau'in ƙarin da ake kira ossifying fibroma yana da iyaka bayyananna, ana ɓamɓare shi ɗungurungum ta cikin baki. Nau'in da ake kira fibrous dysplasia kuwa ya cuɗanya da lafiyayyen ƙashi, don haka akan jira girman jiki ya tsaya sannan a kankare abin da ya ɓata fuska, kuma ba a gasa shi da haske kamar yadda ake yi wa ciwon daji. Ameloblastoma, ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke samar da haƙori, shi ne ba a yi wa sassauci, domin kankarewa kawai tana barin saiwarsa. Ana yanke shi haɗe da lafiyayyen ƙashi kimanin santimita 1 zuwa 1.5 a kewaye, ko da hakan zai ci rabin muƙamuƙin.

Ramin da ya rage tsakanin baki da hanci ana toshe shi da farantin roba mai ɗauke da haƙora don majiyyaci ya iya ci da magana, ko a dasa siririn ƙashin ƙwauri. Wajibi ne a riƙa komawa ana ɗaukar hoto, domin ameloblastoma na iya dawowa ko bayan shekara 10.